Gurasar Jibin da Baba Ya Hana Ni Ɗauka

Ranar Litinin ce, lokacin cirar gyaɗa. Da safe na share cocinmu, ɗana Bulus yana goye a bayana. Baba, wanda shi ne katikis ɗinmu, mai jan addu'a da koyar da addini, yana bi na yana nuna inda tsintsiya ba ta kai ba. Haka yake. Ko yanar gizo ya gani a taga sai ya yi wa'azi a kanta.

Ƙaramar cocin Katolika ce a ƙauyenmu, gefen Gaya. Kakana da 'yan'uwansa Maguzawa suka fara ta da rumfar zana, zamanin da wani Fada Bature, limamin coci, yake zuwa a kan keke. Daga baya aka yi ginin ƙasa, aka sayar da gyaɗa aka sa kwano. Ba mu taɓa samun Fada namu ba. Daga Kano yake zuwa wata-wata, ya tsarkake gurasar Jibi, ya kulle ta a akwatin ƙarfe bayan bagadi. A wurinmu gurasar nan jikin Almasihu ce. Bayan Fada, Baba kaɗai aka ba izinin taɓa ta. Ranar Lahadin nan kuwa Fada ya zo ya cika akwatin.

Ana kiran azahar muka ji ƙarar babura daga yamma. Sai harbi. Malam Sule, maƙwabcinmu mai makarantar allo, ya faɗo gidanmu ba sallama, ba hula.

"Katikis, ku fita! Baƙi ne, cocinku suke tambaya! Ku bi ta gonata!"

Muka fita da abin da ke jikinmu. A bakin dawar Malam Sule Baba ya tsaya cak. Na san abin da ya tuna. Ya juya yana ɗingishi, don gwiwarsa ta daɗe da lalacewa. Na kwance Bulus na miƙa wa Inna, na bi shi. Ba jarumta ba ce, haushinsa nake ji.

Na tarar ya buɗe akwatin, ya durƙusa da kofin gurasar a hannu. Da wannan gwiwar ba zai tsere musu ba, in suka kama shi kuma za su watsar da Jibi a ƙasa su tattake. Don haka ya fara cinyewa. Ɗaya bayan ɗaya, da alamar gicciye, kamar ranar Lahadi. Gurasa busasshiya, ba ruwa. Tana maƙale masa, yana tari, yana ci.

"Baba, ba ni in gudu da shi!"

"Ba a ba ki izini ba. Fita!"

Dutse ya fasa taga. Aka soma sarar ƙofa da gatari. Na ji warin fetur. Wani ya yi ihu, "Ku sa wuta!" Na kai hannu zan fizge kofin, Baba ya ture ni da kafaɗa, turi irin wanda bai taɓa yi mini ba. Na haura ta tagar baya. Da na waiga bai kai rabi ba.

A bakin rijiya na ga Dauda, mai kaɗa mana ganga, a kwance, an sare shi a wuya. Na tsallake shi. Na shiga dawa da rarrafe, ganye yana yankar fuskata. Kwanon cocin ya riƙa fashewa a bayana saboda zafi. Wajen la'asar na cim ma Inna a wani kwari, ta toshe bakin Bulus da gefen zaninta. Muka yanki daji, ba takalmi, muka isa Toranke ana kiran magariba. Ƙanin Malam Sule ya ɓoye mu a ɗakin matarsa.

Malam Sule ne ya tono Baba daga toka, ya rufe shi da zanin gado har muka dawo. Kofin yana hannunsa, babu komai a ciki. Muka binne shi tare da Dauda da tsohuwa Laraba, wadda ta kasa gudu.

Bayan jana'iza na ba Fada labarin duka. Sannan ya ce a hankali, "Talatu, a irin wannan rana ko ƙaramin yaro zai iya ɗauka ya gudu da shi."

Ban gaya wa Inna ba. Har yau cewa take yi babu yadda zai yi.