Filash ɗin da ke jikin makullan Baba Yohanna

Saura kaɗan in danna, sai Mama Saratu ta riƙe min hannu, ta hana ni taɓa maɓallin kwamfutar.

Maƙwabciyarmu ce a Sabon Tasha. Mijinta Baba Yohanna, shugaban mawaƙan cocinmu, ya rasu ya bar kwamfutarsa a kulle, ba wanda ya san lambar sirrin. Ita kuwa waƙoƙin da ya ɗauka da muryarsa take nema.

Na ce zan ɗora wata manhaja a filash, ɗan abin adana fayilolin nan da ake soka wa kwamfuta, in tayar da kwamfutar da shi in cire lambar, ko intanet ba a buƙata. Ta ciro wanda ke jikin makullansa ta ba ni.

"Bulus, me wannan jan rubutun yake cewa?"

"Gargaɗi ne kawai, Mama. Wai duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge."

"To ka leƙa cikin?"

Ban leƙa ba. Ina buɗewa, muryar Baba ta cika falon.

Da wani filash na buɗe kwamfutar daga baya. Ko waƙa ɗaya babu a ciki.

Ku da kuke irin aikin nan, tsakani da Allah, kuna leƙawa kafin ku danna?