Sun Ɗauki Hotona, Sun Yanke Sandata

Lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama karatun koyarwa ina zaune gidanmu a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, ba aure ba aiki, ba abin da na sa a gaba sai wasan golf, wanda a rediyo ake ce wa ƙwallon lambu. Na san wata za ta karanta ta taɓe baki, ta ce mi ya haɗa ɗiyar Kabawa da wasan masu kuɗi. To ki saurara. Mu ba masu kuɗi ba ne. Babana ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, ɗan asalin Argungu. Wani maigidansa da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar masa tsofaffin sanduna, shi kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya riƙa tafiya da ni fili tun ina firamare. Da hannunsa ya sa zarto ya rage tsawon sanda ɗaya don ta yi daidai da ni. Filin namu kuwa ba irin na talabijin ba ne mai ciyawa shar. Busasshiyar ƙasa ce da ƙaya, kewayen kowane rami yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai. A nan na girma. Ban rubuto don in yi kuri ba, amma wallahi na iya wasan nan.

Ga wanda bai sani ba, wasan ba shi da wuyar ganewa: wanda ya zagaye ramukan duka da bugu mafi ƙaranci, shi ya ci. Sai dai wurin fara bugu iri biyu ne. Akwai farin turke na maza, can baya, akwai jan turke na mata, wanda ya fi kusa da rami. Kowace shekara ana gasa. Ta maza ranar Asabar ake yi, a kafa rumfuna, a zo da lasifika, maroƙa da masu ɗaukar hoto su cika wuri. Ta mata kuwa ranar Alhamis da safe, ba mai kallonmu sai shanun da ke ratsa filin. Namijin da ya ci a ba shi babur, macen da ta ci a ba ta atamfa da kuloli. Haka muka taras, haka muke karɓa muna godiya. Har a wurin ƙwararru ba ta sake zane ba. Na san mazan da da wasan nan suka gina gida suka yi aure, na kuma san wata baiwar Allah da kofunanta suka cika kabad, amma sai ta sayar da leshi take samun kuɗin motar zuwa gasa.

A shekarar da nake magana, wani Alhaji mai kamfanin casar shinkafa ne ya ɗauki nauyin gasar. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce duk wanda ya zo na ɗaya, shi zai ɗauki nauyinsa ya shiga sahun ƙwararru: mota, masauki, sababbin sanduna, da riga mai sunan shinkafarsa. Kalmar “duk wanda” ta hana ni sukuni. Na sami shugaban ƙungiyarmu, abokin Baba ne, na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko har da ni a ciki. Ya yi dariya, ya kira ni ɗiyarsa, ya ce ai ba a gwada mai bugu daga jan turke da mai bugu daga fari. Na ce to ni zan bar gasar Alhamis, in buga ranar Asabar daga farin turke. Ya kai maganar gun Alhajin a gabana, suka sha dariya tare, Alhajin ya ce in na ci maza daga turken maza, shi ba ya magana biyu. Ni kuwa rayuwata ce a kan faifai. Baba ya yi ritaya, yana shirin komawa Argungu ya kama noman albasa, an kuma samo mini aikin koyarwa a wata makaranta a can. Inna ta gaji da gorin dangi, kullum ana ce mata ta bar ɗiya tana yawo cikin maza da sanda kamar makiyayi. Sai Baba ya yanke hukunci: in na samu wanga tallafi, shi zai tare mini bakin kowa, in ban samu ba, in ajiye sanda in bi su. Na ce na yarda.

Abin da ya rage mini shi ne nisan bugu, don haka bayan an yanke shinkafa na riƙa zuwa fadamar Zauro ina bugawa har tafin hannuna ya yi kanta. Manoma na dariya suna tambaya ko tsuntsaye nake kora. Ranar Asabar na fito da dogon wando da ɗan hijabina, na tsaya a farin turke. Da farko da tsiya ake kallona. Kafin a yi rabin wasa, mutane sun bar bin manyan 'yan wasa sun dawo bayana, har masu sayar da ruwa. Ina so ku riƙe wannan, don zan dawo kansa. Ranar ƙwallo ta yi mini biyayya. Da na jefa ta ramin ƙarshe, filin ya kaure da ihu, an ƙirga a gaban kowa, ba gardama, na wuce saurayin da ke biye da ni. Shi kansa ya zo ya ce Allah ya sanya alheri. Na waiwaya na ga Baba ya cire hula yana share fuska da ita.

Sai aka zo rabon kyauta. 'Yan kwamiti suka ja gefe suna ƙus-ƙus, aka daɗe. Da mai lasifika ya buɗe baki, sunan saurayin nan ya kira a matsayin zakaran gasa. Kunnena ya yi dum. Kafin in dawo hayyacina sai na ji an kira ni wai gwarzuwar mata, ni da ko gasar mata ban shiga ba! Kyautar matar da ta ci ranar Alhamis suka ɗauke suka miƙo mini, kuloli da buhun shinkafa, ita kuma tana zaune tana kallo, an haɗa mu biyu an cuta da abu ɗaya. Mai hoto ya ce in rungume babbar kular, in tsaya kusa da buhun, in yi murmushi. Sandata na hannun hagu, ban sake ta ba. Manya na zaune, Baba na kallona, kunya ta ɗaure mini harshe. Na yi murmushin. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da taro ya watse na tare shugaban. Ya ce in yi haƙuri, Alhaji kasuwanci yake yi ba sadaka ba. Wai gasar ƙwararrun mata ba a nuna ta a talabijin, kyautarta ba ta taka kara ta karya ba, ba mai kallon wasan mata, to wa zai ga sunan shinkafar a rigata? Na tambaye shi to waɗanda suka bi ni yau aljanu ne? Ya ce ai kallon abin mamaki suka zo yi, kamar yadda ake taruwa in an kawo kura kasuwa. Haba! Mutumin da ya ɗauke ni ina ƙarama! Na ce masa ai kuwa ya faɗi gaskiya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ce na yi rashin kunya. Washegari Baba ya je wurin shugaban da kansa, aka ba shi shayi, aka ba shi haƙuri, ya dawo hannu banza. Na ɗauki kulolin na kai wa matar da ta ci ranar Alhamis har gida. Bayan haka na cika alkawarin da na yi wa Baba, tunda ni dai ba a koya mini magana biyu ba. Na naɗe sanduna a tsohon zane, muka koma Argungu, na kama alli.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Bayan wasu watanni na shigo mota zan je Birnin Kebbi gaisuwar rasuwa. Muna dab da shiga gari na ɗaga kai, sai ga wani ƙaton allon talla a bakin titi, ga ni a kai, fuskata ta fi ƙofar ɗaki girma. Ina murmushi, na rungume kula, ga buhun shinkafar Alhaji a gefena, an rubuta wai uwargida ta san shinkafa mai kyau. Sandar kuwa sun goge ta tas. Hannuna na hagu na nan a dunƙule, yana riƙe da iska. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dubi allon ta dube ni, ta washe baki ta ce ashe da gwanar girki muke tafe, Allah ya ba mijina haƙurin santi. Motar ta kwashe da dariya. Ni kuwa zuciyata tafasa take, hawaye na zuba. Wato fuskar da aka ce ba mai son kallo, ita ce aka kafa a bakin titi kowa ya kalla. Ashe ba ni ce ba a son gani ba, sandar ce ba a son gani a hannuna.

Daga wurin gaisuwa kamfanin na nufa. Ba a bar ni na ga Alhajin ba. Wani manaja ya fito yana sakace, ya ce kamata ya yi in gode, sun sa na yi suna kyauta, kuma ai ba wanda ya tilasta mini murmushi. Ya sa a ɗauko mini buhu ɗaya wai in rage zafi. Na ce ya kai wa wanda ya goge sandar, ya fi ni wahala. Da na koma gida na faɗa wa Baba, ya ce shi da ya yanke sanda, don ta kai hannuna ya yanke. Tun daga ranar, har aka sauke allon, in zai shiga Birnin Kebbi kansa a sunkuye yake wuce wurin.

Saurayin nan ya tafi kudu ya yi wasansa, ban riƙe shi da komi ba, ba shi ya zalunce ni ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan zance da ake juya mu da shi: wai ba a kallon mata shi ya sa ba a biyansu. Ku ɓoye mu ranar Alhamis da safe, ku hana mu lasifika, ku hana mu kuɗin mota, sannan ku ce ba mu da masu kallo? Ku ji tsoron Allah, ku masu shirya gasa, gumin mace ma gumi ne, kuma akwai ranar da za a tambaye ku. Ku kuma 'yan uwana masu gudu, masu ƙwallo, masu kowane irin wasa, kada daɗin bakin manya ya ruɗe ku. An ce da kare ana biki a gida, ya ce mu gani a ƙasa. Alkawarin da aka yi ana dariya, ana dariya ake karya shi. In an danne miki haƙƙi, ki faɗa a nan take, cikin ladabi amma da ƙarfi, tun jama'a ba su watse ba, don kunyar ɗan lokaci ni ta ci mini wasana gaba ɗaya. Kuma duk wanda ya miƙo miki kula ya ce ki yi murmushi, ki tambaye shi tukuna ina za a kai hoton. Ni ban tambaya ba. Yanzu a Argungu yara in sun gan ni cewa suke ga Malama mai shinkafa, ba ko ɗaya a cikinsu da ya san na taɓa cin maza daga farin turke.