Sitatus Ɗin Da Na Yi Wa Mutum Ɗaya

Ko zan manta da komai na zamanin lise, wato babbar sakandare, ban da ranar da na je Jiratawa neman ƙawata.

Benci ɗaya muka zauna shekara uku, ni daga Sabon Gari, ita kullum kabu-kabu ke kawo ta daga gida. Ni ba mai magana ba ce, ita ke yi mini. Ana saura wata guda jarrabawar bak, ta kammala makaranta, ta ari littafina na falsafa, wanda na ja wa layi da jan biro shafi-shafi, ta maido shi da tabon mai. A gaban aji na ce mata ƙazama. Sai ta canza benci.

Bayan jarrabawa kewarta ta dame ni, amma kunya ta hana ni kira. Sai na gyara wayata yadda ita kaɗai za ta riƙa ganin sitatus ɗina. Yau in sa hoton ƙofar ajinmu, gobe in rubuta, "Akwai wanda na ɓata wa, ina nadama." Kowane sai na sake karantawa sau uku kafin in saki. In na duba, sai in ga sunanta, ta gani. Amsa dai babu. Wata huɗu ina haka, ina cewa fushi ne bai huce ba.

Da na gaji, na hau kabu-kabu ran wata Asabar. Na iske mahaifiyarta a tsakar gida tana tsinke zogale.

"Inna, tana ciki?"

Ta ɗago kai. "Ɗiyata, ai an kai ta Agadas tun bayan salla. Mijin ya saya mata sabuwar waya, ta bar mini wagga."

"To wa ke duba abin da nake sawa?"

"Ni ce nika dannawa. Hotunan suna da kyau, rubutun ne ban iya ba." Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. "Ran kamu sai da ta leƙa ƙofa ya fi sau goma. Ta ce ko ba a gayyace ki ba, za ki zo."

Na karɓi sabuwar lambar, na kira, na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ya wuce. Muka gaisa kamar maƙwabtan da ba su saba ba, har yau kuma a nan muka tsaya.

Tun ranar na gane, haƙurin da za ka ba mutum, ka taka ka same shi ka faɗa da bakinka, tun yana jiranka.