Direban Tanka da Kwarashi

Shekara talatin da ɗaya Kawu Direba ya yi yana tuƙa tankar mai, har ranar da bayansa ya ce ya gaji, likita kuma ya goyi bayan bayan. Aka dawo da shi gida ya zama alaƙaƙai a falo. Ya gyara rediyon da lafiyarta ƙalau har ta daina magana. Ya koya wa matarsa yadda ake jingine tsintsiya.

Matar, wadda kowa ke kira Inna, tana saƙa 'yan ƙyallayen adon nan da kwarashi, waɗanda ake shimfiɗawa kan tebur da saman talabijin. Wata rana da hantsi ya leƙa hannunta ya ce, "Da'irar nan taki ta karkace. Da taya ce, da tuni muna cikin rami."

Inna ta miƙa masa kwarashin da zaren. "To mai gida, daidaita mana."

Yatsunsa kamar taɓare. Na farkon da ya saƙa ya fito kamar hular jariri da mota ta taka. Amma wanda ya saba zaman awa goma a kujera ɗaya ba ya rasa haƙuri. Cikin wata uku ya wuce Inna. Ya ƙi fararen furanninta, nasa masu kusurwa shida ne, baƙi da rawaya, ja da toka, irin wanda 'yan zamani ke rububi. Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa ya ji. Baƙo na sallama, sai ya danne zaren da cinya ya ɗauki jarida.

Inna ta yi ta shan yabo ba kunya, har da cewa ai baiwa ce.

Asiri ya tonu ranar da matar maƙwabci, wata malamar makaranta, ta zo da ƙawayenta biyu don Inna ta koya musu mai kusurwa shidan. Inna ba ta iya ba, amma ta gyara zama ta hau bayani. Kawu na bayan jarida yana cije leɓe kamar mai jin ɗan koyo na ƙaƙare masa giyar mota. Da ta ce a ƙara idon saƙa biyu ko'ina, sai ya ajiye jaridar.

"A kusurwa kaɗai ake ƙarawa. Ba ni nan, kafin ki kashe mutane."

Malama ta riƙe haɓa. "Kawu, dama kai ne?"

"Ni ne. Amma maganar ta tsaya a ɗakin nan."

Kafin la'asar maganar ta kai tasha. Washegari tsofaffin abokan aikinsa uku suka zo musamman don dariya, suka yi ta har da hawaye, ɗaya na tambaya ko ya fara ɗaura zane. Kawu bai ɗago ba, yana ƙirga ido. Da za su tafi, wanda ya fi kowa dariya ya ja baya, ya rage murya.

"Za ka iya mini ɗan ƙarami, na gaban mota? Kore nake so."

Yanzu duk Talata mata bakwai ke cika falon, yana koya musu da bakin da ya saba yi wa masu shan gabansa a titi, su kuma suna dawowa. Inna ta bar saƙa gaba ɗaya. Ta ce dama can ciwon wuya take sa ta.