Kyamarar da Ta Zo Babu Kwali

Ni da Inayat Gill benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan ta Sialkot, har zuwa shekarar da mahaifinsa ya cire shi ya kai shi koyon gyaran rediyo. Ni na zarce na zama malamin makaranta. Shi kuwa ya zama Inayat Mai Rediyo, sunan da ya bi shi har yau, ko da yake an daɗe rabon da a kawo masa rediyo gyara.

Shagonsa na nan inda yake, a lungun bayan coci, tsakanin mai ɗinkin ƙwallo da mai shayi. A da ƙaurin narkakkiyar dalma ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Rediyoyin wancan zamani na katako ne, sai ka kunna ka jira su ɗumama kafin su yi magana. Inayat yakan kara kunne a jikin ɗaya ya ce, "Wannan mura ke damunsa." Da kaya suka koma na roba, waɗanda in sun lalace sai bola, na ɗauka abokina ya gama yayi.

Ashe da sauransa. Wajen neman wani ɗan ƙarfe na tsohuwar rakoda ya gano cewa a Japan da Amurka akwai dillalai masu sito. Kantunan can ba sa aiko da kaya garinmu, ba sa kuma karɓar katin bankinmu. To dillalan su ke saya a madadinka, su ajiye a sitonsu, in kayanka sun taru su haɗa su a babban kwali ɗaya su sa a jirgi. Da yatsa biyu Inayat ya koyi kwamfuta. In Turanci ya cije masa, sai ya aiko a kira ni.

"Malam, zo ka biya kuɗin bulalar da ka sha a kan nahawu," haka yake cewa.

Sannu a hankali unguwa ta koma kansa. Wannan na son abin gwada hawan jini, wancan na son agogo, limamin cocinmu na son lasifika. Ranar da babban kwali ya iso kamar ƙaramin biki ce. Akan kawo shayi da pakora, wani soyayyen abu mai kama da ƙosai, Inayat ya yanka tef da wuƙarsa, ya dinga kiran suna yana miƙa kaya. Ban taɓa ganinsa cikin annuri kamar a irin wannan rana ba.

Doka ɗaya gare shi. Jirgi da girman kaya yake caji, ba da nauyi kaɗai ba, don haka kullum yakan umarci sito su zubar da kwalayen kanti, su naɗe kowane abu a ledar nan mai ƙurajen iska. "Kwali iska ce zalla," in ji shi, "ni kuwa ba na sayen tikitin jirgi wa iska." Kowa ya gamsu, tunda sauƙin kowa ya shafa.

Sai aka sa ranar auren autarsa Komal da wani saurayi, Sharoon, mai ɗaukar hoton biki da kyamarar haya. Uwar yarinya, Shamim, tun Komal na rarrafe take tara barguna da tukwane a akwatin ƙarfe. Abin da ya rage wa uba shi ne kyautar ango, wadda za a ɗora a gaba ranar da dangin miji za su zo ganin kaya. Inayat bai yi shawara da kowa ba. Ya sayo sabuwar kyamara fil daga wani kanti a Tokyo, irin wadda yaron ya daɗe yana kallo a waya yana haɗiyar yawu.

Ina shagon ranar da ta iso. Ya warware ledar a hankali, baƙar kyamara ta fito tana sheƙi. Ya aika aka kira Shamim don ta yaba. Ta zo, ta dubi kyamara, ta leƙa cikin babban kwalin, ta sake leƙawa.

"Baban Komal, ina gidanta?"

"Wane gida?"

"Kwalinta! Mai hoto a jiki, mai hatimi!"

Sai a lokacin Inayat ya tuna. Hannunsa ne ya ba da umarnin zubar da kwali da ya saba bayarwa, kansa bai ma sani ba.

"Ka kashe ni," in ji Shamim, ta zauna a kan benci. "Tsirara zan ɗora ta a gaban mutane? Gwaggon yaron nan, Nargis, kofin shayi ma sai ta juya gindinsa ta ga tambari. Gobe gari ya ɗauka Inayat ya aurar da 'yarsa da kayan kwance."

Gaskiya ta faɗa. A wurinmu kayan amarya a rufe ake nuna su. Abin da aka buɗe, ko da jiya aka ƙera shi, an yi amfani da shi ke nan. Kuma ba uba ake yi wa gori ba, yarinya ce za ta yi ta jin maganar a gidan miji duk ranar da aka yi saɓani.

Ya rubuta wa sito. Suka amsa da ladabi cewa kwalin ya daɗe da tafiya inda ake niƙa takarda, bisa umarninsa. Washegari ya hau mota zuwa Lahore, inda ake sayar da kwalaye wofi ga mai so. Da la'asar ya dawo da ɗaya a hammata, yana murmushi, ya ajiye a gabana.

Na sa tabarau na karanta. "Inayat, wannan kwalin yayarta ne. Lambar jikinsa daban, ta jikin kyamara daban."

"Kai dai Malam! Wa zai duba lamba?"

"Surukinka. Sana'arsa ce."

"Nargis fa? Ita hoto kawai za ta gani."

"To ka zaɓa. Ko Nargis ta ce ka ba da tsohuwa, ko Sharoon ya san ka yi masa ƙarya."

Ya daɗe yana juya kwalin. Daga baya ya tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya ce mai shayi ya kawo biyu.

Ranar ganin kaya tsakar gida ta cika. An jera barguna har kusan rufi, firji da injin wanki kowanne cikin kwalinsa da igiyarsa. A gaba, kan faranti, Shamim ta shimfiɗa jan karan-miski ta ɗora kyamarar ita kaɗai. Idonta ya nuna ta sha kuka. Mazan muna gefe a kan gadajen igiya, Sharoon na cikinmu yana sunkuyar da kai irin na angwaye.

Gwaggo Nargis ta bi kaya ɗaya bayan ɗaya, tana taɓawa tana gyaɗa kai. Da ta iso kan faranti sai ta tsaya.

"Ikon Allah. Wannan kuma a hanya aka yi mata fashi aka tuɓe ta?"

Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Inayat ya miƙe. Ya fuskance ta.

"Yaya Nargis, laifina ne. Sabuwa ce, daga Japan. Na saba sa a zubar da kwali saboda kuɗin jirgi, na manta wannan ta 'yata ce."

"Ai kowane mai gwanjo haka yake cewa, ɗan'uwa. Sabuwa ce, tsohuwar Bajapaniya ce ta saya ba ta taɓa ba."

Wannan karon dariyar ta fito fili. Uwar ango, Sosan, mace ce mai kawaici, ba ta yi dariya ba. Ta juya wajenmu ta ce, "Sharoon, taso. Kai ka san abin nan."

Yaron ya zo ya goge hannu a rigarsa kafin ya ɗauka. Ya kunna, ya latsa nan ya latsa can, sai na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Umma, irin wannan tana ƙirga duk hoton da ta taɓa ɗauka. Ko ɗaya ba ta ɗauka ba." Ya dubi Inayat. "Baba, wannan ai... a Lahore ma ban ga mai ita ba."

"Ƙirga!" in ji Nargis. "Ni ban ga ƙirga ba, kwali na sani."

"To Yaya, kwali za mu kai gida ko amarya?" in ji Sosan. Ta kama hannun Shamim ta jawo ta kusa. "Tunda ba ta taɓa ɗaukar kowa ba, ta fara da mu. A kira min 'yata Komal."

Aka fito da Komal tana rufe fuska. Aka jawo Inayat, aka jawo ni ma, ban san dalili ba. Sharoon ya ja da baya ya ɗaga kyamara.

"Tsaya, kai yaro!" Nargis ta daka masa tsawa. "Haka za ka ɗauke ni gyale a karkace?"

Ta gyara gyale, ta ture ni da gwiwar hannu, ta shige tsakiya.

Hoton na rataye a shagon Inayat yanzu, sama da kwamfuta. Komal na dariya a bayan tafin hannunta, Shamim da Sosan sun riƙe juna. Inayat ya rufe ido daidai lokacin da aka ɗauka, ni kuma rabin fuskata ce kawai ta samu shiga. Wadda ta fi kowa fitowa da kyau ita ce Gwaggo Nargis, har ta sa an wanke mata babba ta kafa a ɗakinta.