Zazzaɓin da Na Guje wa

Kusan shekara talatin ban taɓa buɗe baki a kan wannan ba. 'Ya'yana ma rabin labarin suka sani. Yau zan faɗa.

A 1996, ina dillancin shanu a Maigatari, na fara ganin jini a fitsari. Na ce tsargiya ce, wa bai yi ta ba da ƙuruciya? Wata biyar ina ɗirkar jiƙo. Daga Gumel aka tura ni asibiti Kano, aka leƙa mafitsarata da na'ura, aka kankare wani tsiro. Kansa ce, wato ciwon daji.

Likita ya ce za a riƙa zuba min rigakafin tarin fuka cikin mafitsara ta roba, duk mako, har sau shida, in riƙe shi awa biyu. In bai yi aiki ba, cire mafitsarar za a yi, a maƙala min jakar fitsari. Wallahi ba mutuwa na fara tunawa ba, alwala na tuna.

Na sayar da bijimai biyu, aka fara.

Duk ranar zubi, kafin mota ta sauke ni Gumel zazzaɓi ya rufe ni, fitsari kamar barkono. Matata Hajara ta yi ta yi min surace da darbejiya. Bayan na uku ta ce, "Malam, maganin nan bai karɓe ka ba. Garau kake tafiya, ka dawo kana rawar ɗari."

Dama abin da nake son ji ke nan. Na daina zuwa.

Sista Rifkatu, nas 'yar Filato da ta rubuta min takardar Kano, ita ta ritsa ni a kasuwa. "Alhaji, ka gama?" Na ce zazzaɓi yake sa ni. Ta dire ledarta ƙasa.

"To ai aikin ke nan! Tsokanar jikinka maganin yake, ya tashi ya yaƙi ciwon. Jiki ya amsa, kai kuma ka gudu?"

Kunya ta kama ni. Na koma, likita ya wanke ni tas da faɗa, aka ci gaba.

Bayan wata uku aka sake leƙawa. Likita ya daɗe yana kallo, tsoro kamar ya kashe ni. Ya ce, "Ba komai. Mafitsararka ta tsira."

Na gode wa Allah, na gode wa Sista, da Hajara da ta yi jinyata.

Jama'a, in magani ya wahalar da ku, ku koma wa wanda ya ba ku. Akwai zazzaɓin aiki, akwai na haɗari, likita ne zai bambance. Ni da na yanke hukunci a gida, saura ƙiris in ƙare rayuwata ina sallah da jaka a ƙugu.