Labulen Baba Mai Dutse

Kafin maƙeran layin su hura wuta, Baba Mai Dutse ya riga ya share gaban shagonsa. Shagon ɗan tsut ne: benci ɗaya, sikeli, kwalaben asid uku, da labule a kusurwa. Yakan wanke baƙin dutsensa, ya goge, ya zauna jiran masu shakka. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. A kawo masa sarƙa ko zobe, ya goga a jikin dutsen har ya bar zane, ya ja wani zanen kusa da shi da allurar zinaren da ya san karat ɗinta, wato yawan gwal ɗin da ke cikinta, sannan ya ɗiga asid a kan duka biyun. Zanen da ya tsaya, zinare ne. Wanda ya ɓace, sai haƙuri.

Bai taɓa cewa "jabu ne" a gaban jama'a ba. In ya ga abin ba daɗi, sai ya shige bayan labule da kayan, ya sake gwadawa, sannan ya kira mai su. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha ganin mace ta fito daga labulen tana share ido, Baba kuwa yana ɗaga murya: "Hajiya, mayar gida ki adana, yanzu ba lokacin sayarwa ba ne." Kowa sai ya ɗauka farashi ne bai yi mata ba.

Labulen nan ne ya jawo masa abin da ya sa har yau wasu ba sa iya haɗa ido da shi.

Shekara takwas da suka wuce wata mata ta rasu. 'Ya'yanta biyu, Yaya da Auta, suka kawo awarwaronta huɗu a auna kafin rabon gado. Auta ta gama jami'a ke nan, kimiyya ta karanta, yarinya ce da ko gaisuwarta sai an kasa kunne. Baba ya ɗan karce cikin awarwaro ɗaya, ya goga, ya ɗiga, ya kwashe su ya shiga labule. Da ya kira su, a hankali ya ce, "Tagulla ce, an yi mata wankan gwal."

"Mamarmu da tagulla?" in ji Yaya. "Awarwaron aurenta?"

Sai Auta, wadda ba ta magana, ta yi magana. "Shi kaɗai ya shiga da su, Yaya. Wa ya ga abin da ya yi a ciki?"

Shi ke nan. Yaya ta fizge labulen, layi ya cika, aka zazzage aljihun tebur, aka juye aljihun rigar dattijo. Ba a ga komai ba. Wani maƙeri ya ce, "Baba, ashe dutsen naka har haɗiya yake yi?" Aka kwashe da dariya. Shi dai abin da ya ce kawai, "Allah ya jiƙan mahaifiyarku." Daga ranar, mata da yawa suka riƙa wuce shagonsa da kayansu a ƙulle.

A watan jiya ƙanwar mamar su Auta ta ji Baba zai rufe shago don idonsa ya yi rauni. Ta kira Auta ɗaki.

"Ke da kike yawo da digiri, da me kike tsammani aka biya shi? Ni na raka mamarku wurin Baba ta sayar da awarwaronta. Shi ya auna na gaskiyar, shi ya samo mata masu kama da su, don kada ku ga hannunta babu komai ku ce kun fasa karatu. Ta sa ni da shi muka rantse ba za mu faɗa ba. Ni na gaji da ɗaukar rantsuwar nan."

Sau uku Auta tana wuce shagon kafin ta iya shiga. Ta durƙusa, duk abin da ta haddace ya gudu.

"Baba, ni ce. Ta awarwaro."

Ya ƙanƙance ido. "Mai karatun nan? Ana aiki dai?"

"Ina gwajin ruwan sha, Baba."

"Ashe sana'armu ɗaya. To tashi, kin tare mini ƙofa."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ƙarfe kuka kawo in gwada, na gwada. Sauran maganar ba tawa ba ce."

Ba ta tsaya nan ba. Ta fito tsakiyar layin, inda aka juye masa aljihu, ta faɗi komai har maƙera suka ajiye guduma. Mai zancen haɗiya ya sunkuyar da kai.

Baba, kai ne ka riƙe gaskiyar ƙarfe da sirrin mamaciya a lokaci guda, ba ka saki ko ɗaya ba, alhali kalma ɗaya ta isa ta wanke ka. Mai dutse, mai rufin asiri. Mun gode, kuma mun ji kunya.

Masu gwajin kayan mutane, ku koya daga gare shi: a faɗi sakamako daidai, a bar wa mai kaya mutuncinsa. Ku kuma da kuka yi dariya a ranar, Asabar zai rufe shago. Ƙofar a buɗe take har zuwa lokacin, kuma idonsa ba ya gane fuska yanzu, sai kun faɗi ko ku su wane ne da bakinku.